Yadda Ƙanƙara da Lantarki Suka Haifi Butar Azurfa

A shagunan sayar da tsofaffin kaya na Amurka ba a rasa wata buta mai nauyi, mai murfi da mariƙi, jikinta sai ɗaukar ido, an zana mata furanni da tsuntsaye. Mai kallo zai rantse azurfa ce zalla, alhali ruwan azurfa ne aka yi wa ƙarfe mai araha, kaurinsa bai kai na takarda ba. A ganina darajarta ke nan, domin ita ta kai ƙyallin azurfa teburin akawu da mai kanti, bayan ya shekara aru-aru a hannun sarakuna da attajirai.

Tushen abin yana birnin Sheffield na Ingila. Wajen 1743 wani maƙerin wuƙaƙe, Thomas Boulsover, ya gano cewa in aka ɗora azurfa a kan jan ƙarfe aka gasa, sai su manne, in kuma aka bi su da injin murzawa sai su miƙe tare kamar ƙarfe guda. Da maɓallan riga ya fara. Joseph Hancock ne ya kai sana'ar ga manyan kaya irin su tukwane da butocin gahawa. Sai dai aikin akwai wahala: duk inda aka yanka, jan ƙarfen yana leƙowa ta gefe, dole a bi shi da zaren azurfa a rufe.

Lantarki ne ya raba gardama. Wani likita a Birmingham, John Wright, ya gano cewa ruwan sinadarin sayanayid, wanda guba ne mai kisa, yana sa azurfa ta kwanta sumul a jikin ƙarfe. 'Yan'uwa biyu, George da Henry Elkington, suka karɓi dabarar, suka yi mata rajistar haƙƙin mallaka a 1840. Yanzu sai a ƙera buta a gama mata ado tukuna, sannan a tsoma ta cikin ruwan tare da sandar azurfa, a saki wuta. Azurfar tana barin sandar kaɗan-kaɗan tana hawa jikin butar, har cikin lungunan zane. Kamfanin Christofle na Faransa ya sayi izinin amfani da dabarar a 1842, kayan Elkington kuma suka ja hankalin jama'a a babban baje-kolin Landan na 1851.

Amma butar ruwan sanyi 'yar Amurka ce, kuma cinikin ƙanƙara ne ya jawo ta. Tun 1806 Frederic Tudor na Boston ya fara saran ƙanƙarar tafkuna a lokacin hunturu yana loda wa jirgin ruwa. A 1833 ya kai ta har Kalkata ta Indiya, jirgin ya taso da tan 180, kusan tan 100 suka isa ba su narke ba. Kafin tsakiyar ƙarnin, mai keken doki yana bi gida-gida da ƙanƙara a manyan birane. To, ga ƙanƙara ta samu, a me za a zuba ta? A buta ta yau da kullum nan da nan take narkewa, butar kuma ta yi ta zufa tana jiƙe mayafin tebur. A 1854 James Stimpson na Baltimore ya yi rajistar buta mai bango biyu, da sarari a tsakaninsu da ke tare zafi. Daga baya aka riƙa shafe cikinta da tangaram don kada ɗanɗanon ƙarfe ya shiga ruwan.

Bango biyu da ruwa da ƙanƙara kuwa nauyi ne da ba kowane hannu ke ɗauka ba. Sai maƙera suka rataye butar a kan wani ginshiƙi mai ƙusa biyu, mai shan ruwa ya karkato ta da yatsu, ga kofi a gindinta, ga ɗan faranti mai tare ɗiga. Wannan dabarar ta fi komai burge ni, domin ado da amfani sun haɗu wuri guda. Kamfanonin Meriden Britannia na Connecticut, wanda aka kafa a 1852, da Reed & Barton na Massachusetts suka yi ta fitar da irin waɗannan butoci samfur-samfur. Azurfa ma ta yawaita bayan gano ma'adinin Comstock a Nevada a 1859. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suna ta ƙarfi a lokacin, don haka karɓar baƙo da ruwan sanyi ya zama alamar gidan mutunci. Ana ba da butar kyautar aure ko ta ritaya da suna a zane, a ajiye ta a ɗakin baƙi kamar yadda amarya ke jeren kwanuka.

Daga shekarun 1920 firji ya fara shiga gidaje, butar ta koma kayan ado kawai. Mai son sanin asalin wadda ke hannunsa sai ya juya gindinta. Haruffan EPNS na nufin ƙarfen ciki haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, EPBM kuwa haɗin da kuza ta fi yawa a ciki. Abin da ya fi lalata butar shi ne yawan dirza, domin kowace guga da magani mai kaushi tana tafiya da azurfa, har ƙarfen ciki ya bayyana a mariƙi da baki. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar, a kuma busar da ita nan take.