Kayan Maharbin da Ƙanƙara ta Adana

A watan Satumba na 1991, wasu Jamusawa biyu masu hawan dutse suka ci karo da gawar mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya. Bincike ya nuna ta yi shekara kusan 5,300 a wurin. Aka laƙaba masa suna Ötzi.

Abin lura shi ne yadda ya rarraba kayansa. Na baya, sanda ce mai tsawon kusan mita 2 ya tanƙwara kamar baka, ya haɗa ta da ƙananan alluna biyu, domin nauyi ya kwanta a gadon baya, hannuwa su sami sake. Amma abin da rai ya dogara a kai bai yarda ya yi nisa da shi ba: kayan ƙyasta wuta, da 'yan duwatsu masu kaifi, da basilla ta ƙashi, duk suna cikin wata 'yar jakar fata a ɗamararsa, kwatankwacin burgamin maharban ƙasar Hausa. Garwashi kuwa ya naɗe shi cikin ɗanyen ganye, ya sa a mazubin ɓawon itace.

Sai dai shirin bai cika ba. Kwarinsa na ɗauke da kibau 14, biyu kacal aka gama haɗawa, bakan ma ba a ƙarasa sassaƙa shi ba. A 2001 hoton asibiti ya gano kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Daga baya aka harbe shi.