Daga Galaxy zuwa wayar gwanjo: wa ke biyan kuɗin gyara?

Tun da bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu lokaci ne na waiwaye, bari mu waiwayi yadda kwamfuta da waya suka shigo ƙasar Dutse, da dalilin da ya sa har yau da yawanmu muke kallonsu daga nesa.

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, wayar tarho sai ofis da gidajen manya. Mai son aika saƙo Kano sai ta ba direba a tasha. Da Ibrahim Saminu Turaki ya hau gwamna a 1999, ya ɗauki maganar kwamfuta da zafi. A zamaninsa aka kafa kamfanin Galaxy a nan Dutse don samar da intanet, aka kuma buɗe makarantar Informatics a Kazaure. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, layi kawai yana kai kusan naira 20,000. To, mai sayar da dabino ko man gyaɗa ina ta ga wannan kuɗi? Suna dai muka ji a rediyo.

Abin da ya iso hannun talaka daga baya na hannu ne, wato gwanjo. Ofisoshi da makarantu a Ingila da Amurka suna canza kwamfutocinsu duk bayan 'yan shekaru, tsofaffin kuma a loda a kwantena a turo Afirka, wasu kyauta, wasu na sayarwa. Akwai masu yin abin da tsari, kamar ƙungiyar Computer Aid International ta Ingila, wadda sai ta goge na'ura ta gwada ta kafin ta aiko. Amma ba kowa ne haka ba. A 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta yi bincike a Legas, ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka duk wata, kuma har kashi 75 cikin 100 na iya zama matattu. Juji aka mayar da mu ke nan, da sunan taimako. Sai a 2011 hukumar NESREA, mai kula da muhalli, ta fito da dokoki a kan shigo da irin waɗannan kaya.

Ko wadda ta iso da ranta ma, ƙasarmu tana da nata gwajin. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin bazara ya kumbura batir, wutar Nepa ta zo da ƙarfi ta ƙona caja. Abin da bai kai ya kawo ba sai ya kwantar da na'ura shekara guda. Mun gani da idonmu a ajinmu na yaƙi da jahilci: aka kawo kwamfutoci kyauta, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa. Ba a yi damina biyu ba aka lulluɓe su da zani a lungu, domin waɗanda suka kawo ba su bar ko kwabo na gyara ba, ba su kuma ce ga wanda za a kira ba. Wallahi kuɗin rumfa da kujerun taron nan da ya sayi batura.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi. Wadda aka ba keken ɗinki ba allura, ba mai, ba makaniki, ajiya aka ba ta.

Da a ce abin na ado ne, da mun haƙura. Amma daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yarinyar da ta taso daga ƙauyen Kiyawa ko Jahun ranar jarrabawa take fara taɓa na'urar, hannu na rawa, lokaci na tafiya. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Sai farkon 2023, da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta ɓace. Duk wadda ta ci kasuwar Shuwarin a watannin nan ta san yadda aka yi: mai saye ya ce sai tiransifa, ke kuma ba waya, ko ga waya gilashi a fashe. Wasu suka karɓa ta asusun ɗan maƙwabci, wasu suka ba masu POS kaso mai tsoka, wasu suka koma gida da kayansu.

Masu gyara kuwa akwai su. Yaranmu ne suke zuwa Farm Centre a Kano su koyi gyaran waya, wasu sun gama Kazaure ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka buɗe a 2011 suna zaune ba aiki. Hannu bai yi ƙaranci ba, mai biya ne babu.

Wata guguwar ma tana tafe. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ofisoshi da yawa a waje za su zubar da kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau, wasu kuma nan za su ƙare. Shi ya sa muke roƙon shugabanninmu, duk wanda ya zo mana da kyautar na'ura a gode masa, sannan a tambaye shi gaban kowa: an gwada ta, kuma nawa ya ware na gyara da na sola? Mu ma a ɓangarenmu muna kawo shawara a babban taro mai zuwa cewa a riƙa cire wani abu daga zubin adashi a ajiye a asusun gyara, a fara da wayoyin membobi da ke kwance a ƙasan akwati. Wadda take da irin wannan waya ta kawo ta ranar taro, da cajarta, ma'aji za ta rubuta suna.