Kujerar Shugaban Ƙasa a Nijeriya: Asalinta da Iyakar Ikonta

Idan muka waiwayi tarihin mulkin Nijeriya, za mu tarar cewa kujerar shugaban ƙasa ba ta taso da ƙarfin da muka san ta da shi ba. A shekarar 1963, lokacin da ƙasar ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ne ya fara hawanta, amma sarauta ce ta ado kawai. Wuƙa da nama suna hannun Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Hausawa kan ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. Bayan zaɓen Disambar 1964 mai cike da rigima, Azikiwe ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, har ƙasa ta yi kwanaki cikin zullumi kafin a sasanta a farkon Janairun 1965. Wannan darasi yana cikin zukatan 'yan kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975. Sakamakon aikinsu shi ne tsarin mulkin 1979, wanda ya tattara ikon zartarwa a hannun mutum guda, irin na Amurka.

To amma don kada wani yanki ya mallake kujerar, sai aka gindaya sharaɗi: bayan rinjayen ƙuri'u, dole ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuwa ya gaza. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasararsa.

Tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan fasali. Shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, shi ke naɗa ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, bisa amincewar Majalisar Dattawa. Wa'adinsa shekara 4 ne, ba a zaɓensa fiye da sau biyu. In ya ƙi sa hannu a kan doka, majalisun tarayya na iya zartar da ita da rinjayen kashi biyu cikin uku.

Sau biyu muka ga amfanin wannan linzami. A 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai bai wa Olusegun Obasanjo wa'adi na uku. A Fabrairun 2010 kuma, da jinyar Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ta tsawaita, majalisun suka ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi.

Ke nan, gudun sarki biyu ne ya sa muka gina kujera mai ƙarfin gaske. Abin da zai hana wanda ya hau ta zama sarkin da ba a ce masa a'a kuwa shi ne majalisa da kotu masu tsayawa kan aikinsu.