'Yan "Ya-Ya": Baƙi A Cikin Ƙasarsu

Ranar 1 ga Satumba, 1939, wato ranar da sojojin Jamus suka afka wa Poland, gwamnatin Faransa ta ba da umarnin kwashe fararen hula daga garuruwan Alsace da Moselle da ke bakin iyakarta da Jamus, domin sojoji su sami filin daga a gaban ganuwar nan ta Maginot. Kimanin mutum 600,000 abin ya shafa. An yarje wa kowa kaya kilo 30 da guzurin kwana huɗu, aka bar gidaje da dabbobi da amfanin gona. Cikin 'yan kwanaki babban birnin Strasbourg ya zama kufai.

Bayan kwanaki a taragon jirgin ƙasa, aka sauke su a karkarar kudu maso yammacin ƙasar, kamar Dordogne da Haute-Vienne. Hukumar birnin Strasbourg ma Périgueux ta koma. To, a nan fa aka ga abin mamaki, domin ƙasa ɗaya ce amma kamar ba a san juna ba. Baƙin sun saba da famfo da lantarki, sai ga su a rumbuna da tsofaffin gidaje, ana jan ruwa a rijiya. Babbar matsalar kuwa ita ce harshe. Yaren mutanen Alsace dangin Jamusanci ne, wato harshen maƙiyi a kunnen mai masauki. Saboda yawan cewa "ya, ya" wajen amsawa, aka laƙaba musu 'yan "ya-ya". Kuɗin tallafin da gwamnati take ba su kullum ma ya jawo ƙyashi wurin talakan manomi. Duk da haka, zama ya haifar da sabo, aka yi noma tare, har da auratayya.

Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Jamus ta haɗe Alsace da Moselle. Mafi yawan baƙin suka koma gida, sai dai an hana Yahudawa komawa. Daga 1942 aka tilasta wa samarinsu sanya kakin sojan Jamus. A can an zarge su da zama Jamusawa, a gida kuma an mayar da su Jamusawa da ƙarfi.

'Yan'uwa marubuta, mu lura. Littattafan tarihi sun fi kula da janar-janar da fagen fama. Amma matar manomi da baƙuwarta da suke girki a murhu ɗaya, ba mai jin maganar wata, su ma yaƙin suka gani, kuma labarinsu na alƙalaminmu ne.