Tseren ralikuros: Yadda masu ƙaramin ƙarfi ke zaɓar mota su haɗa ta

Ralikuros wani nau'in tseren motoci ne da ake yi a killataccen fili mai zagaye, wanda tsawonsa bai cika wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Wani ɓangaren hanyar kwalta ne, wani kuma burji ko tsakuwa. Motoci da dama ke tashi a lokaci guda, kuma cikin 'yan mintoci an gama tseren.

An fara shi ne a filin Lydden Hill da ke gundumar Kent a Ingila, ranar 4 ga Fabrairun 1967, domin nunawa a talabijin, inda Vic Elford ya yi nasara da mota ƙirar Porsche 911. A 2014 Hukumar Tseren Motoci ta Duniya, FIA, ta kafa masa gasar duniya, wadda Petter Solberg ɗan ƙasar Norway ya fara lashewa. Motocin wannan mataki sai manyan kamfanoni da attajirai. Amma a ƙasa da su akwai rukunonin 'yan sha'awa, inda ma'aikata da makanikai ke shiga da tsofaffin motocin da suka gyara da hannunsu.

Zaɓen mota

Masu wannan harka kan karanta dokokin rukunin da za su shiga kafin su je ciniki, domin doka ce ke ƙayyade girman inji da irin tayoyi da gyaran da aka yarda da shi. Wanda ya sayi mota kafin ya karanta doka na iya ƙarewa da motar da masu bincike ba za su bari ta hau fili ba.

Abu na biyu shi ne kayan gyara. Gogayya da karo ba sa rabuwa da wannan tsere, saboda haka motar da ƙofofinta da bambarta da gilasanta ke samuwa da araha a wurin 'yan gwangwan ta fi wadda ta fi ta gudu amma kayanta ke wuyar samu. Wannan ne ya sa a Birtaniya ake da rukunin da kowa ke tuƙa Suzuki Swift Sport mai inji lita 1.6, da wani na motar Mini.

Na uku shi ne lafiyar bodi. Inji ko giya da suka gaji ana iya sauya su, amma idan tsatsa ta cinye ƙasan mota, babu ƙarfen da zai riƙe walda.

Inda kuɗin ke tafiya

Kaso mafi tsoka na tafiya ne wajen kare ran direba. Ana kwashe kujeru da shimfiɗu da duk wani kayan ƙawa domin rage nauyi, sannan a haɗa kejin bututun ƙarfe a ciki, wanda zai hana rufin mota murƙushe direba idan ta ƙundumbala. Sai kujerar tsere, da bel mai madauri da yawa, da hular kwano, da tufafin da wuta ba ta saurin kamawa, da makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya. Kayan kariya da yawa suna ɗauke da tambarin amincewar FIA da wa'adin aiki, don haka mai sayen na hannu sai ya duba tambarin da kyau.

Bayan haka ne ake komawa kan shokozoba da birki da tayoyi, da farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa kaskon mai, da ragar da ke kare lagireto. Ƙara wa inji ƙarfi ne ke zuwa ƙarshe, domin a kan tsakuwa, ƙarfin da taya ba ta iya riƙewa ba ya ƙara gudu.

Dabarar ƙasashen arewacin Turai

A Sweden da Finland akwai wani dangin wannan tsere, wanda 'yan Sweden ke kira folkrace, wato tseren jama'a, mai dokar hana almubazzaranci. Kowace mota tana da ƙayyadadden farashi, kuma bayan tsere ana iya taya ta a kan wannan kuɗi. Idan masu so sun yi yawa sai a jefa ƙuri'a, wanda kuma ya ƙi sayarwa na iya rasa lasisinsa. Kujera da bel ba sa cikin cinikin, mai su ke tafiya da abinsa. Saboda haka ba mai zuba dukiya a motar da za a iya karɓewa da yamma, kuma tsofaffin Volvo 240 da Saab 900 ne suka daɗe suna cika filayen.

Ban da mota, mai shiga tsere yana buƙatar lasisi, wanda a Birtaniya hukumar Motorsport UK ke bayarwa, da kuɗin rajistar kowace gasa, da tirelar ɗaukar mota zuwa fili. Wanda bai sa waɗannan cikin lissafinsa tun farko ba yakan gama haɗa mota ya rasa kuɗin kai ta fili.