Sanata Yariman Bakura da Sashe na 29(4)(b): Asalin taƙaddamar aurar da ƙananan yara

Ahmad Sani Yariman Bakura, gwamnan da ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999, ya wakilci Zamfara ta Yamma a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2019. Sau biyu matsayinsa kan shekarun aurar da 'ya mace yana jawo masa kakkausar suka.

Na farko shi ne a 2010, lokacin da rahotanni suka ce ya auri wata 'yar ƙasar Masar mai shekara 13. Hukumar NAPTIP ta yi masa tambayoyi, amma ba a gurfanar da shi ba. Ya kare kansa da cewa bai saɓa wa addininsa ba.

Na biyu shi ne a watan Yulin 2013, yayin gyaran Kundin Tsarin Mulki. Kwamitin Ike Ekweremadu ya ba da shawarar soke Sashe na 29(4)(b), wanda ke ɗaukar duk matar aure a matsayin baliga idan za ta ajiye shaidar zama 'yar ƙasa. Da farko sanatoci sun amince, sai Yarima ya ce sokewar ta ci karo da shari'a. Da Shugaban Majalisa David Mark ya bari aka sake ƙuri'a, masu goyon bayan sokewa 60 ne, alhali ana buƙatar 73. Sashen ya tsira.

Masu sukarsa, ciki har da lauya Maryam Uwais 'yar Kano, sun kafa hujja daga cikin addinin kansa: abin da shari'a ta halatta daban ne da abin da ta wajabta, kuma ikon waliyyi yana tafiya ne da maslahar yarinya da hana cutar da ita. Sun yi nuni da yoyon fitsari da barin makaranta. Ita kanta Masar ta ƙayyade shekara 18 tun 2008.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta amince, kuma Kano ba ta samu tata ba sai a watan Mayun 2023. Saboda haka a ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, makomar yarinya ta rataya ne a kan yadda alƙalai, masu unguwanni da limaman da ke ɗaura aure za su yi aiki da dokar.