Yumɓu a Matsayin Shingen Ruwan Shara: Kumburi, Musayar Sinadarai da Darewa

Ruwan da ke tsatsowa daga tarin shara yana ɗauke da amoniya, da gishiri iri-iri, da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Domin kada ya riski ruwan ƙarƙashin ƙasa, akan shimfiɗa yumɓu a gindin ramin shara, a daɓe shi hawa-hawa. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta gindaya kaurin mita 1 ga shara marar haɗari, mita 5 ga mai haɗari, kuma saurin ratsawar ruwa kada ya wuce mita 10⁻⁹ a daƙiƙa, wato kimanin santimita 3 a shekara. Ƙa'idar Amurka ta 1991 kuwa santimita 60 na daɓaɓɓiyar ƙasa ta nema, a rufa mata leda mai kauri.

Yumɓu suna ya tara. A cikin kawolinait, falle ɗaya na silika ne manne gam da falle ɗaya na alumina, ruwa ba ya samun kafar shiga, saboda haka ba ya kumbura sosai. Montmorilonait, wanda shi ne jigon bentonait, fallen silika biyu ne suka sa alumina a tsakiya. Inda magnesiyam ya maye gurbin alminiyam, sai fallen ya samu cajin negatif, cajin ya jawo sodiyam ko kalsiyam tare da ruwa su zauna tsakanin fallaye. Idan sodiyam ne, yumɓun yakan kumbura ya ninka girmansa sau da yawa, ya toshe ƙananan kafofi. Wannan cajin ne kuma ke kama dalma da kadmiyam ya riƙe.

Sai dai abin da ya ba shi ƙarfi shi ne lagonsa. Ruwan shara yakan zo da kalsiyam da magnesiyam, waɗanda cajinsu biyu ne, su ture sodiyam su zauna a gurbinsa. Daga nan rigar ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin yumɓu ta sirance, kumburi ya ragu, kafofi su buɗe. Shi ya sa gwajin da aka yi da tsabtataccen ruwa kaɗai ba abin dogaro ba ne. Dole a gwada da ruwan sharar kansa, a kuma ba shi lokaci har musayar ta kammala.

Bushewa ma babbar barazana ce. Tun 1965 Mitchell da abokan aikinsa suka nuna cewa yumɓun da aka daɓe da danshi ɗan sama da ƙima ya fi hana ruwa wucewa. Amma kuma irin wannan yumɓun ne ya fi ƙanƙancewa idan ya bushe. Duk wanda ya ga baƙar ƙasar firki ta yankin Tafkin Chadi da rani, ta dare har hannu na shiga, ya san yadda montmorilonait ke yi. A 1993 Daniel da Wu suka ba da shawarar kada ƙanƙancewa ta wuce kashi 4 cikin ɗari a busassun yankuna.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Osinubi da abokan bincikensa sun gwada jar ƙasa, wadda kawolinait ya rinjaya a cikinta, suka ga tana iya cika sharaɗin hana ratsawar ruwa idan an daɓe ta da isasshen ƙarfi da danshin da ya dace. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga birane irin Kano, inda ake cike tsofaffin kududdufai da shara ba tare da wani shinge ba, alhali rijiyoyin jama'a na kusa. A ƙasar da hunturu ke busar da komai, jar ƙasa da aka yi wa ɗan haɗin bentonait, aka rufe ta nan take bayan daɓe, ta fi zallar yumɓu mai kumburi aminci.